KADA MU YI TARON TSINTSIYA BA SHARA

Jawabin da Shugaban Kwamitin Rufe Taro ya gabatar a madadin 'yan kwamitinsa, a zaman ƙungiya na wata-wata a Kwamba, dangane da taron kwana biyu da matasanmu ke shiryawa a kan manhajar kwamfuta da ta wayar hannu.

  



Kamar yadda kowa ya sani, a zaman da ya gabata ne wannan ƙungiya ta amince ta tsaya wa matasanmu a kan taron da suke son yi. Su yaran sun ɗauki nauyin koyarwa da gayyato masana, mu kuma mutum biyar aka ɗora mana nauyin tsara yadda za a rufe taron a yammacin rana ta biyu. Mun ji wasu suna cewa ai wannan ƙaramin aiki ne, addu'a ce kawai da hoto, kowa ya kama gabansa. To, jama'a, mu 'yan kasuwa ne. Ba a gane kasuwa ta yi kyau da cikar da ta yi da hantsi, sai da yamma in an rufe rumfa an zauna lissafi. Duk abin da za a koya a kwana biyun nan, a wannan ɗan lokaci na ƙarshe ne za a ɗaure shi, ko kuwa a bar shi ya zube. Shi ya sa muka zo da tsarinmu a gabanku, domin ku duba, ku gyara, ku sa albarka.

ME YA HAƊA MU DA MANHAJA?

Domin iyayenmu da ba su saba da kalmar ba, bari mu fara da bayani. Waya ko kwamfuta ƙarfe ce da roba da gilashi. Manhaja ita ce umarnin da ɗan'adam ya zauna ya rubuta ya zuba a cikinta, har ta san yadda za ta aika saƙo, ta yi lissafi, ta tura kuɗi. Kamar allo ne da rubutu. Allo itace ne kawai, abin da aka rubuta a kansa shi ne karatun.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, kuma da yawa daga cikinmu mun ɗauke ta abin gaisuwa da jin labarin gida. Wanda ya ci gaba da ɗaukar ta haka, farkon shekarar 2023 ya gane kurensa. Bayan sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka sanar a watan Oktoba na 2022, takardar kuɗi ta yi wuyar gani, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Duk wanda ke da rumfa a kasuwar IBB, ko yake kai kaya Madalla da Zuba, ya tuna kwanakin nan. Mai tumatir da mai nama da mai goro, kowa sai da ya nemi lambar asusu. Wanda ya iya tiransifa ya yi ciniki, wanda bai iya ba ya zauna yana kallon kayansa suna lalacewa. Akwai cikinmu waɗanda aka nuna wa alat na ƙarya aka ɗauki buhu aka tafi. Wannan ita ce amsar mai tambayar me ya haɗa ɗan kasuwa da taron manhaja.

Manhaja kuma iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ke rufe asirinta, ka biya ka yi amfani da ita, amma ba ka da ikon ganin cikinta. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda masu ita suka bar rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya ba wani. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ne ya fara kiran wannan tafiya a 1983, sannan a 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Wayoyin Android da ke aljihun yawancinmu a kan wannan Linux ɗin aka gina su. Mu da muka yi Islamiyya abin bai zame mana baƙo ba, domin an karantar da mu yadda Sayyidina Usman, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Sai dai kowa ya san rijiyar jama'a ma tana bukatar mai yasa. In kowa ɗiba ya sani, wata rana guga zai fito da laka. Taron yaranmu a kan irin wannan manhaja ne, kuma babban aikin zaman rufewa shi ne a fitar da masu yasa.

YADDA WASU SUKE RUFE NASU

Kafin mu tsara namu, sai da muka sa yaran suka zaunar da mu suka yi mana bayanin yadda ake yi a wasu wurare. A birnin Brussels na ƙasar Beljiyam akwai taron da ake kira FOSDEM, wanda ake shiga kyauta, kuma 'yan sa-kai ne ke gudanar da shi. Masu harshen manhaja na Python suna da nasu, PyCon. Masu Wikipedia, wato kundin sani na intanet da aka kafa a 2001, suna da Wikimania, kuma a wanda aka yi a Montreal ta ƙasar Kanada a 2017 ne aka zaɓi wani matashi ɗan Gana, Felix Nartey, a matsayin gwarzon shekara. Na Afirka kuwa, mai suna Wiki Indaba, an fara shi a Johannesburg a 2014, kuma a watan Janairu na 2019 nan Abuja aka yi shi, a bakin ƙofarmu. A Legas ma an yi babban bikin buɗaɗɗiyar manhaja na Afirka a watan Fabrairu na 2020.

Abubuwa uku muka tsinta daga al'adar irin waɗannan tarurruka. Na farko, suna da gajeren jawabi na minti biyar da suke kira jawabin walƙiya. Ko kai wane ne, in mintinka biyar ya cika, ka sauka. Na biyu, suna girmama wanda ya yi aiki, ko da kuwa ba shi da muƙami. Na uku, a taron Python, in an gama jawabai ba a watsewa gaba ɗaya. Wasu sukan ƙara kwanaki su zauna tare su yi aikin da aka yi ta magana a kansa. Da muka ji wannan sai muka ce ai gayya ce, irin wadda iyayenmu ke yi a gona. Ba sai mun aro ba, tamu ce.

TSARIN DA MUKA KAWO

Lokacin da muke da shi tsakanin la'asar da magariba ne. Za a zauna ƙarfe 4:15 bayan an idar da salla, a tashi ƙarfe 6:00 daidai, wato minti 105. Dalili kuwa, in an kira magariba babu mai iya riƙe jama'a, kuma bai kamata ma a riƙe su ba. Ga baƙinmu da za su koma Minna da Kaduna da cikin Abuja, kowa ya san yadda hanyar Madalla zuwa Zuba take cushewa. Ga kuma mata da 'yan mata da ya kamata su isa gida da sauran haske.

Minti 5 na farko na buɗewa da addu'a ne. Daga nan sai minti 30 na nuni, inda mutum shida daga cikin waɗanda suka koyi wani abu za su fito, kowa minti biyar, ya nuna a majigi abin da hannunsa ya yi. Mun sa sharaɗi cewa biyu daga cikin shidan mata ne, domin matan aure da ke sana'a daga cikin gida ta WhatsApp suna da yawa a unguwar nan, kuma ɗaya ya zama dattijo ɗan kasuwa. In dattijo mai furfura ya tsaya ya nuna yadda ya rubuta bashin da yake bi a cikin waya, ko yadda ya buɗe manhajar banki ya tabbatar kuɗi sun shiga kafin ya saki kaya, wannan ya fi dogon wa'azi shiga kunnen tsararrakinsa.

Sai minti 15 na tambaya da ƙorafi. Wanda bai ji lasifika ba, wanda aka yi masa sauri, wadda ba ta sami wurin zama ba, kowa ya faɗa a nan, sakatare ya rubuta. Gara a faɗa a gabanmu da a faɗa a teburin mai shayi.

Sai minti 10 na karanta lissafin kuɗi. A kan wannan ba mu yarda a yi sassauci ba. Ma'aji zai tashi ya faɗi abin da aka tara, daga kuɗin ƙungiya da gudummawar 'yan kasuwa, ya faɗi abin da aka kashe a hayar rumfa da kujeru, da man janareta, da data, da abinci, da ruwa, sannan ya faɗi abin da ya rage da inda yake. Za a kuma liƙa takardar a bango. Mun ga ƙungiyoyi da dama da suka mutu, ba don an ci kuɗi ba ma, sai don ba a yi bayani ba, zato ya shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai minti 20 na ɗaukar amana, wanda shi ne zuciyar zaman, za mu dawo kansa. Sai minti 10 na yabo da godiya. Yabon gwani ya zama dole, amma gwanin da muke nufi ya haɗa da yaron da ya kwana yana gadin kaya, da wanda ya ja waya, da matan da suka dafa abinci, da masu shara. Takardar shaida kuwa ba za a kira suna ɗaya bayan ɗaya ba, kowa ya karɓi tasa a teburin bakin ƙofa in zai fita. Sai minti 10 na babban baƙo, sannan minti 5 na addu'ar tashi. In kun haɗa za ku samu 105.

INDA AKA SAMI SAƁANI

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai wurare uku da ra'ayi ya bambanta, kuma muna son wannan zama ya yanke.

Na farko shi ne maganar babban baƙo. Wasu 'yan'uwa suna ganin a gayyato wani babban ɗan siyasa, a ba shi zaman rufewa gaba ɗaya, don wataƙila ya yi alkawarin kwamfutoci. Mun fahimci dalilinsu, domin muna da bukata, kuma neman taimako ba laifi ba ne. Amma dukanmu mun taɓa zama a taron da aka jira babban baƙo tun la'asar, ya iso dab da magariba da maroƙa da 'yan rakiya, aka cinye lokacin da gabatar da manyan baƙi, yaran da suka yi wata guda suna shiri ba su ce uffan ba. Sannan kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ƙungiyar nan akwai ɗan kowace jam'iyya, kuma abin da ya riƙe mu shi ne ba mu taɓa zama ta wani ba. Shawararmu ita ce a kai takardar girmamawa fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja ta hannun mai unguwa, kamar yadda aka saba, a nemi albarka. Babban baƙo mai jawabi kuma ya zama masani, misali malami daga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Duk mai muƙamin da ya zo, a karɓe shi da mutunci, a ba shi kujerar gaba. Amma ƙarfe 4:15 za a fara, ko wa ya iso, ko wa bai iso ba.

Na biyu shi ne harshe. Wasu daga cikin yaranmu suna son a yi da Turanci, wai shi ne harshen kwamfuta. Ya ku 'ya'yanmu, ba mu raina Turancinku ba, mu muka biya kuɗin makarantar. Amma wa za a rufe wa taron? Waɗanda suka ba da kuɗin kujerun nan da Hausa suke ciniki. Kuma Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Google ta sa Hausa cikin manhajarta ta fassara tun 2013, Facebook ya biyo baya a 2016, kuma akwai Wikipedia ta Hausa da 'ya'yan Hausawa ke rubutawa. Don haka muna ba da shawara a yi da Hausa, a sa mutum ɗaya yana taƙaitawa da Turanci saboda maƙwabtanmu. Gbagyi da Koro da muka tarar a wannan ƙasa, da Nufawa da Yarabawa da Ibo da muke kasuwa ɗaya da su, duk an gayyace su, kuma bai dace baƙo ya zauna kamar kurma ba.

Na uku shi ne rajista. Za a rubuta sunaye da lambobin wayar mahalarta, cikinsu har da na matan aure da 'yan mata. Wannan littafi amana ne. Ba za a ba ɗan siyasa ba, ba za a ba mai talla ba, ba za a zuba mutane cikin wani zauren WhatsApp ba tare da izininsu ba. Addini ya hana, kuma tun watan Yuni na 2023 akwai dokar ƙasa ta kare bayanan mutane. A zaman rufewa za a faɗa a fili wanda littafin zai zauna a hannunsa. Haka nan hoto, wadda ba ta so a ɗauke ta, kada a ɗauka.

ƊAUKAR AMANA

Yanzu bari mu koma kan minti 20 ɗin nan. Ba ma son takardar bayan taro mai cike da kira ga gwamnati ta yi kaza, kira ga masu hannu da shuni su yi kaza. An sha yin irinta, ba ta taɓa sauke wa kowa buhu daga mota ba. Abin da muke so shi ne ayyuka huɗu kacal, kowanne da sunan mai ɗaukarsa da ranar da zai kawo rahoto, ya tashi tsaye a gaban jama'a ya ce ya ɗauka.

Aiki na ɗaya, ajin mako-mako na 'yan kasuwa a kan tura kuɗi da gane alat na ƙarya da kiyaye lambar sirri, da aji na daban na mata wanda mace za ta koyar. Aiki na biyu, gyaran rubutun Hausa a waya. Haruffanmu masu ƙugiya suna nan cikin wayoyin, sa su ne ba a yi ba. Akwai bambanci tsakanin kafa da ƙafa, da tsakanin bata da ɓata, kuma ɗan kasuwa ya san abin da harafi ɗaya zai iya jawowa a takardar ciniki. Aiki na uku, ba da murya. Akwai shirin Common Voice na Mozilla, inda mutum ke karanta jimloli da harshensa a ɗauka, domin na'ura ta koyi jin maganarsa, kuma Hausa tana ciki. Wannan zai amfani iyayenmu da ba su yi boko ba, kuma a unguwar nan akwai bakin Kano da na Sakkwato da na Katsina da na Zazzau, duk a layi ɗaya.

Aiki na huɗu shi ne rubuta tarihin garin nan da Hausa a Wikipedia, da hujjoji daga littattafai. Yaranmu da yawa ba su san cewa wannan gari shi ne Abuja ta asali ba, wadda Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828. Ba su san cewa bayan dokar kafa sabon babban birni ta 1976 ne aka ba da sunan, garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau ba. Suna kashe naira 20 ba su san matar da ke jikinta, Ladi Kwali, a garin nan ta yi aiki ba, a cibiyar tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe, inda ta shiga a 1954. Ita ta zo da gwanintar da ta gada, ta haɗa da sabuwar dabara, har duniya ta san ta. Abin da muke roƙa wa 'ya'yanmu ke nan. Mu da muka zo daga garuruwa daban-daban muka sami wurin zama da abinci a nan, rubuta tarihin garin yana cikin hanyoyin da za mu saka da alheri.

Bayan an ɗauki waɗannan, za a sanar da ranar gayya, wato Asabar ta farko bayan taro, inda masu amanar za su zauna su fara aiki. Bayan wata uku kuma su zo wannan zama su faɗi inda suka kai. Za a kuma faɗi sunayen mutum uku da za su riƙe shirin taron baɗi, a miƙa musu littafin lissafi a gaban kowa.

ABIN DA MUKE ROƘO

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon wannan zama ya ba mu abubuwa huɗu yau. A amince da tsarin lokaci. A yanke hukunci a kan wurare ukun da muka ambata. A ba mu dattijo guda wanda ake jin nauyinsa ya riƙe agogo da ƙararrawa, domin yaro ba zai iya tsayar da babba in ya zarce ba. Sannan a sami mai ba da aron janareta na biyu, saboda kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar nuni.

Daga ƙarshe, muna kira ga iyaye, ranar rufewa kowa ya rufe rumfarsa da wuri ya zo. Ribar yammaci ɗaya ba ta kai ɗanka ya ɗaga kai ya gan ka zaune kana kallon aikinsa ba. Ku kuma matasa, ku riƙe ladabi, ku yi haƙuri da tambayoyinmu ko da mun maimaita. Za a rufe da karatun Suratul Asri da addu'ar tashi daga majalisi kamar yadda malamanmu suka koyar, sannan kafin kowa ya fita a tattara kujeru a share wurin, mu bar shi fiye da yadda muka same shi.

Allah Ya sa mu fara lafiya mu gama lafiya. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilmi mai amfani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa Sarki lafiya, Ya zaunar da Kwamba da Suleja da Jihar Neja da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.